Mobilet ɗin Sumana Mai Kifi

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu, wai gyaran mashin ba wani aiki ba ne, cire tsoho ne ka sa sabo. Gaskiyarka, ɗana, haka yake a yau. Ga Kamba nan kusa, ga Malanbil can ƙetaren gada, duk abin da ya lalace da safe kafin la'asar an kawo maka wani cikin kwali. Mu da muka koyi aikin nan zamanin Nasara ba haka muka tarar da shi ba. Abin da ya mutu shi za ka tayar, don babu wani. Tunda kuna jiran a gama muku, ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni a garajin Baba Kosi shi ne goge ƙarfe. Baba Kosi mutumin Dahome ne, ya biyo manyan motocin gyaɗa masu sauka Faraku, ya zauna Gaya, ya yi aure, Hausa da Dandanci duk suka zauna a bakinsa. Ya miƙo mini guntun ƙarfe kamar tafin hannu da magagari, ya ce in goge fuskarsa ta kwanta. In na ce na gama, sai ya shafa baƙin fitila a kan wani madubi mai kauri da ya ciro daga tagar mota, ya kifa ƙarfen a kai, ya ɗaga. Inda baƙin bai taɓa ba, wurin da saura. Sai da na yi wata huɗu kafin ƙarfen nan ya yi baƙi gaba ɗaya. Kayan aikinsa ba su da yawa: kile, wato sifana, manya da ƙanana cikin akwatin katako, guduma biyu, awartaki, da magagari uku, mai kaushi, mai laushi, da wani siriri zagayayye da muke kira wutsiyar ɓera. Shekara shida na yi a hannunsa. Ranar da ya sallame ni ya ba ni wutsiyar ɓera guda, na kafa rumfata a bakin kasuwa.

Lokacin ne mobilet, ƙaramin babur mai feda, ya fara shigowa gari. Wani akawu ya fara kawo shi daga Kwatano, yara suna binsa a guje suna ihu. Kafin shekara biyu malaman lekol, wato makarantar boko, sun saya, ma'aikatan likita sun saya, 'yan kasuwa ma haka. Baba Kosi ya fi son manyan motoci, saboda haka ƙananan suka riƙa zuwa wurina.

Ranar da Sumana ya fara zuwa, turo nasa ya yi tun daga bakin kogi, da kwandon banda ɗaure a baya. Mutumin Tunuga ne, ƙato mai faɗin kafaɗa, kifi yake kawowa kasuwar Gaya sau uku a mako. Kafin in taɓa komai ya ce, "Garba, ba buji ba ne. Ruwa ya sha. Ka ji yadda yake tari?" Buji shi ne fulogi mai ba inji wuta. Na buɗe karbirata, wato inda isansi, man fetur, ke haɗuwa da iska, na tarar da ruwa da yashi a ciki. Tun daga ranar na san yana da kunne. Mutum goma za su kawo maka mashin, tara za su ce "ya lalace" su yi shiru. Sumana yakan gaya maka inda ciwon yake.

Tseren kuwa da wasa ya fara. Kowace sabuwar shekarar Nasara kumandan, Baturen mulkin gari, yakan yi biki, a yi tseren ƙafa, da na keke, da na kwale-kwale. Wata shekara aka ce a sa mobilet. Duk mai shi ya fito, malami da mai awo da tela, kowa a kan abin da yake zuwa aiki da shi. A tashi daga gaban kasuwa, a bi hanyar Doso har babbar kuka, a juyo a gangaro ta yashin bakin kogi, a dawo, sau uku. Ladan wanda ya ci turmin atamfa ne da fitila. Wani malamin lekol ne ya ci na farko, hularsa ta faɗi a hanya, aka yi wata guda ana dariya.

Abin ya daina zama wasa da Alhaji Namata da Alhaji Gado suka shigo. Dukansu masu motocin gyaɗa ne, kuma tun kan lodi ba sa ga maciji. Su ba sa hawa, samari sirara suke ɗauka su hau musu. Alhaji Namata ya riƙe Baba Kosi, da ma shi ke gyara masa motoci. Alhaji Gado ya riƙe ni. Shekara ta biyu Alhaji Namata ya aika Kwatano aka kawo masa babbar karbirata, ya ci. Ta uku Alhaji Gado ya sa aka kawo fistan na musamman da wasu tayoyi sirara da ba sa wuce tsere ɗaya, muka ci. Daga nan kowa ya koma mashin biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na ranar. Aka daina sa man da kowa ke sawa, sai na gwangwani da ake saukewa daga jirgin ruwa. Mahayan ma aka hana su aikin komai wata biyu, ana ba su nama da madara. Duk wannan a kan turmin atamfa da fitila. Malamai da teloli suka janye ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda zai fito ya sha ƙurar mai kuɗi a gaban matarsa. A shekara ta huɗu mashin huɗu kaɗai suka tsaya a gaban kasuwa, biyu na wannan Alhaji, biyu na wancan, har da na gwajin.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi tsada, mutanen ƙauyukan Yelu da Karakara suka cika gari suna neman aikin ƙarfi tun kaka ba ta ƙare ba. Ni kuwa Alhaji Gado ya kulle ni a zauren gidansa wata uku da mashinansa, don kada wani ya leƙa ya kai labari. Masu kawo mini gyara suka zo rumfa sau ɗaya, sau biyu, suka tarar da ita a rufe, suka nemi wani. Kayan da Alhaji ya sayo kuwa ba su dace da juna ba, karbirata ta fi ƙarfin injin. Na gaya masa, ya ce kuɗinsa ya fi bakina. Ranar tsere, a zagaye na biyu, fistan ɗin babban mashin ya huje da zafi, ƙaramin kuma ya zo na ƙarshe. Washegari Alhaji ya ce shi da tsere har abada, ya kuma gaya wa duk wanda ya tambaya cewa makanikinsa ne ya kashe shi. Na koma rumfa ina liƙin tayar keke da toshe bokiti.

A gari kuma magana ta yi yawa. Mutane na cewa abin da aka zuba a mashin ɗaya ya isa ya ciyar da unguwa har damina. Da lokacin tsere na gaba ya matso, Sarkin tasha, wani dattijo da ya yi dillancin shanu kafin ya shiga harkar mota, ya tara masu mobilet a gindin ɗorawar tasha bayan sallar Juma'a. Wani ya ce a yanka iyakar abin da kowa zai kashe. Sarkin tasha ya ce, "Wa zai ƙidaya? Alhaji zai ce kyauta aka aiko masa." Wani ya ce a riƙa buɗe inji a duba. Ya ce, "Masu ganewa biyu ne a garin nan, kuma kowa da ubangidansa."

Sai ya ce, "Ga tawa. Kowa ya kashe abin da ya ga dama. Amma duk mashin da ya shiga tsere na sayarwa ne. Da an gama, duk wanda ya yi tseren, in ya ajiye kuɗin sabon mobilet na kanti, ya ɗauki wanda yake so. Ba ciniki, ba albarka."

Alhaji Namata ya ce, "Wato in zuba kuɗin sa, a saye shi a kuɗin akuya?"

Sarkin tasha ya ce, "To kada ka zuba kuɗin sa, Alhaji."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Tafinta ya kai wa kumandan, ya ce ya yarda.

Bayan kwana biyu Sumana ya jingine mashin ɗinsa a rumfata, ya zauna a kan benci. Ya ce, "Garba, dokar nan kaya ta sa wa farashi, ba ta sa wa hannu ba. Ka yi mini aiki a kan wannan tsohon. In mun ci za su saye shi, in sami sabo, kai kuma sunanka ya dawo." Na ce masa yana da nauyi, mahayan Alhaji kamar kara suke. Ya ce, "Su a fili suka koyi hawa. Ni kullum cikin yashi nake da kwando a baya."

Aikin injin ya ci kwana arba'in, kuma ban sayi komai ba sai buji. Na cire murfin kan inji, na zuba yashi mai laushi da mai a kan madubi, na yi ta murza shi ina zagayawa har ya rage kauri kamar farce, don wuta ta matsu ta ƙara ƙarfi. Na shiga ƙofofin silinda da wutsiyar ɓera, ta shigar mai da ta fitar hayaƙi, ina faɗaɗa su kaɗan kaɗan. Wannan aikin ba a yinsa da gaggawa, don abin da magagari ya ci ba ya dawowa. In na goga kaɗan sai in haɗa, Sumana ya hau ya je kuka ya dawo, in cire buji in duba bakinsa. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, inji na gab da ƙonewa. Abin da ake nema launin soyayyar gyaɗa. Ranar da muka same shi, Sumana ya sauko yana cewa injin ya daina tari, waƙa yake yi.

Duk da haka bai isa ba. Alhaji Namata ya daina sayen kaya masu tsada, amma hannun Baba Kosi na nan, kuma na ga gwajinsu a hanyar Doso. A fili sun fi mu, saboda nauyin Sumana. Ba yadda zan rage mutum, sai na koma kan ƙarfe. Na cire mazaunin kwando da marufan taya da abin jingina. Na huda feda, na huda murfin sarƙa, duk inda na ga ƙarfe ya yi yawa na huda. Kullum sai mu ɗora shi a ma'aunin gyaɗa mu gani. Ana saura kwana biyar, Sumana ya tafi Tunuga, na zare bututun wuya, wato ƙarfen da ke cikin gaban mashin, wanda ya haɗa abin tuƙi da ƙafar gaba. Mai kauri ne, mai nauyi. Na kama shi na goge shi zagaye har ya koma rabi, na mayar na rufe. Daga waje ba a ganin komai. Duk wanda ya yi wata shida a garaji ya san ba a taɓa wurin nan. Ni ma na sani. Ban gaya wa Sumana ba.

Ranar tsere mutane suka dawo, malamai da teloli da mai awo, har layi biyu aka yi a gaban kasuwa. A zagayen farko Sumana na huɗu. A yashin bakin kogi samarin Alhaji suka riƙa sauke ƙafa suna dafa ƙasa, shi kuwa ya zauna can baya ya saki mashin ya bi hanyarsa. A na biyu ya wuce biyu. A na uku suka fito daga yashi kafaɗa da kafaɗa da babban mahayin Alhaji, ya riga shi isa da abin da bai fi tsawon zane ba. Ya sauko yana dariya, mutanen Tunuga suka ɗaga shi sama.

Injin bai huce ba Alhaji Namata ya ratso taro, ya danƙa wa Sarkin tasha kuɗi a ƙulle cikin hankici. Ya ce, "Doka ce ko ba doka ba?" Sarkin tasha ya ce doka ce. Aka tura mashin zuwa garajin Baba Kosi. Alhaji ya ce a kwance shi ƙusa ƙusa a ga abin da na sa a ciki, sannan a haɗa, babban ɗansa zai hau shi zuwa Kamba ranar kasuwa. Sumana ya bi motar gyaɗa zuwa Faraku ya dawo da sabo fil. Ni kuwa kafin mako ya zagayo, mashin shida ne jere a gaban rumfata.

Rana ta huɗu bayan tsere da hantsi sai ga Baba Kosi a ƙafa, da ƙunshin tsumma a hammata. Tun da ya sallame ni bai taɓa taka rumfata ba, ni nake zuwa gaishe shi. Na tashi na ba shi benci. Ya dubi masu jiran gyara ya ce su ba mu wuri, suka koma inuwar maƙwabci.

Ya ce, "Na buɗe injinka. Ba komai ciki sai kayan kanti. Aikin ƙofofin ya yi kyau, ni ban kai haka ba."

Na ce, "Albarkacinka ne, Baba."

Ya kwance tsumman. Bututun wuya ne. Ya shafa masa baƙin mai, ya goge, ya miƙo mini. Wani siririn layi baƙi kamar gashi ya zagaye shi, saura kaɗan ya haɗe. Ya karɓa, ya kama da hannu biyu, ya danna da manyan yatsu. Ƙarfen ya buɗe baki kamar kwasfar gyaɗa.

Ya ce, "Wannan kuma wa ya koya maka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

Ya ce, "Rami ɗaya ya rage masa. Da tseren zagaye huɗu ne, da yanzu ana zaman makoki a Tunuga."

Na tambaye shi abin da ya gaya wa Alhaji. Ya ce, "Na ce ni na karya shi da guduma wajen kwancewa, ido ya fara tsufa. Ya yi faɗa, ya kwashe motocinsa ya kai wa wani a Malanbil."

Motocin Alhaji su ne rabin aikin garajin. Na ce bari in je in faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ka je ka ce me? Gobe a rufe rumfarka, jibi kumandan ya hana tseren, a ce dokar Sarkin tasha ce ta jawo. Kuma ba Alhaji ne ya hau ba. Wanda ya hau, shi za ka gaya wa." Ya ajiye ƙarfen a kan benci, ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Motocin ba su dawo masa ba. Ya koma gyaran injin niƙa da ƙananan mashina har ƙarfinsa ya ƙare, bai kuma sake tayar mini da maganar ba. Dokar kuwa ta zauna, aka yi shekaru ana tsere da ita, mai kuɗi da tela suna tsayawa layi ɗaya.

Washegari na ɗauki keke na tafi Tunuga. Na tarar da Sumana a bayan gidansa wajen bandar kifi, matarsa na juya kifi a kan wuta, 'ya'yansa uku na wanke sabon mobilet da ruwan kogi. Ya yi murna, ya sa aka kawo mini fura. Na ce mu ɗan keɓe. Muka zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, na kwance tsumman, na gaya masa abin da na yi da ranar da na yi shi.

Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya sa farce cikin tsagar. Can ya ce, "A zagaye na ƙarshe na ji kan mashin yana rawa. Na ce hannuna ne ya gaji."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Da ka tambaye ni, Garba, wataƙila da na ce ka goge. Ina son cin nan kamar yadda kake so. Amma ba ka tambaye ni ba." Ya dubi wajen da yaran suke, ya naɗe ƙarfen ya miƙo mini. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sha furarka."

Ya rako ni har bakin hanya. Bai gaya wa kowa ba, don da ya faɗa da na ji a kasuwa. Mun yi shekara talatin da wani abu bayan haka muna gaisawa, ya zo sunan 'ya'yana, na je auren nasa. Amma mashin ɗinsa bai sake tsayawa a wurina ba. Ko a gaban rumfar nan ya mutu masa, da kwandon kifi a baya da rana a tsakiya, sai ya sauka ya yi mini sallama, ya tambayi iyali, ya kama turawa har garajin Baba Kosi.